Mutanen Madam Rut da Duwatsunsu Huɗu

A hawa na tara muke zaune, a ɗaya daga cikin dogayen gidajen nan na La Courneuve, a gefen Paris, kuma kusan duk shekara idan sanyi ya kama sai shofaj ɗin gidan, na'urar ɗumama ɗakuna, ya mutu. Babana yana aikin lodi da sauke kaya a manyan magazan, wato ɗakunan ajiyar kaya, na Aubervilliers. Da ya gaji da kai kuka wurin masu gidan, sai ya sayo wani ɗan murhun gas mai tayoyi ya ajiye a tsakiyar salo, wato falo. In an kunna shi fuskarsa takan yi ja kamar garwashi. Wutar da na sani ke nan ina yarinya. A gabanta Kaka take zama bayan magariba, ta miƙe ƙafafu cikin safa biyu-biyu, da farantin gujiya a cinya tana ɓara, ni da ƙanena Sanusi muna gefe cikin bargo ɗaya, kowa yana ja wajensa.

Kaka ita ta haifi babana. 'Yar Damagaram ce. Ta biyo kakanmu Faransa tun Baba yana saurayi, suka zauna a Lyon yana sayar da kayan fata. Da ya rasu ba ta koma gida ba, ta shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta daɗe tana yi, sai da gwiwoyinta suka gaza sannan Baba ya ɗauko ta. Faransancinta na kasuwa ne da na wurin girki, amma yana kai ta inda take so. Mu kuwa ba ta yarda mu amsa mata da shi ba. In ka kuskura ka ce mata "wi" maimakon "i", sai ta waiga tana neman tsuntsun da ya shigo ɗaki.

Tatsuniyoyinta na kura da dila da sauran namun daji kullum suna nan, har mun haddace su, in ta tsallake wani wuri mu tsayar da ita. Amma akwai labari guda da ba ya fitowa sai sanyi ya kai maƙura. In mun roƙe ta da rani sai ta girgiza kai.

"Ba nawa ba ne, aro na yi," in ji ta. "Mai shi ta ce a garinsu ba a ba da labari sai macizai sun shige rami. Yadda aka ba ni haka zan riƙe."

Mai shi ita ce Madam Rut, tsohuwar da Kaka ta fi daɗewa a gidanta a Lyon, can saman tudun da masaƙa suka zauna a da. Kaka ta ce ran da ta fara shiga gidan ta tarar da doguwar mace mai farin gashi ɗaure a ƙeya da zaren ulu, tana zaune gaban masaƙa a jikin taga, sai ta ce a ranta wannan ba Anasara ba ce. Da matar ta so a miƙo mata kofi, ba ta nuna shi da yatsa ba, da leɓe ta nuna, kamar mutuniyar Mirriya ta kusa da Damagaram. Daga Amerika ta fito, daga mutanen da duniya ke kira Nabaho, su kuma suke kiran kansu Dine, wato mutane. Wani Bafaranshe da ya je aikin asibiti ƙasarsu ya aure ta ya taho da ita, ya rasu ya bar ta da ɗa guda.

Abinci ne ya haɗa su. Madam Rut ba ta cin abin kirki, komai aka kawo sai ta taɓa ta ture. Wata rana Kaka ta dama wa kanta kunun kanwa a gidan, ƙamshin ya kai ɗaki, tsohuwa ta ce a ɗanɗana mata. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, sannan ta ce a garinsu da tokar itace suke dama na masara, kuma rabonta da wannan ɗanɗano tun mahaifiyarta tana raye. Daga ranar Kaka ta riƙa biyawa ta wurin mahauci tana sayo naman tunkiya. Suna ci suna hira da guntun Faransancinsu, inda ya ƙare su ƙarasa da hannu. A haka labarin ya shigo hannun Kaka.

In za ta fara sai ta ajiye farantin ta kakkaɓe zani.

"Ga wata baƙuwa ta taso daga nesa."

Mu ce, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa."

Labarin wata yarinya ne, kakar Madam Rut, lokacin tana kamar shekaruna. Mutanensu suna zaune a wata ƙasa mai jajayen duwatsu, kuma manyan duwatsu huɗu ne suka yi mata iyaka, ɗaya a kowace kusurwa. Sun ce tsakanin waɗannan huɗun aka ajiye su tun farko. Ɗakunansu zagayayyu ne, na itace da laka, kowace ƙofa tana kallon gabas. Tumaki na mata ne, ɗa kuma dangin uwarsa yake bi. A nan Kaka takan dubi Sanusi ta ce, "Da can aka haihe ka, da kai ba nawa ba ne, na Mamanka ne," shi kuma ya ɓata rai. In an haifi yaro ana binne cibiyarsa a garken tumaki ko kusa da masaƙa, don zuciyarsa ta san inda za ta koma.

Sai sojoji suka zo. Ba su tsaya yaƙi gaba da gaba ba. Suka ƙone masara a gona, suka karkashe tumaki, suka shiga wani kwari mai zurfi inda mutane ke da itatuwan pesh, irin wanda muke ci da rani, suka sare su tas. Da sanyi ya shigo yunwa ta fito da mutane daga maɓoya, suka miƙa wuya. Aka tasa su gaba da ƙafa, ana nufar gabas, tafiyar da ba ta ƙarewa. Wanda ya gaza a hanya ba a jiransa. Kakar yarinyar ta gaza. Ta zauna a gindin wani dutse, ta kwance bargonta ta yafa wa yarinyar, ta ce su je tana nan tafe. Yarinyar ta yi ta waige har hanya ta karya kwana.

Kaka ba ta ƙara komai a wannan wurin. Takan gyara safarta, muna jin hucin gas.

Inda aka kai su fili ne fetal, ba dutse ko na magani. Ruwan kogin wurin yana da ɗaci, yana murɗa ciki. Babu itacen wuta, sai sun yi tafiya mai nisa sun tono saiwoyi da hannu. Aka ba su garin alkama da ƙwayar gahawa ɗanya, abubuwan da ba su taɓa gani ba. Suka yi ta dafa ƙwayar kamar wake suna zubar da ruwan, ta ƙi nuna. Suka yi shuka tsutsa ta cinye, suka sake ta sake cinyewa. Shekara huɗu suna nan, ana ta binne mutane. A shekarar ƙarshe uwar yarinyar ta haifi namiji, ta rasa inda za ta binne cibiyarsa, don ba ta so zuciyarsa ta san wannan wurin. Ta ƙulle ta a bakin zani. Yaron ya yi watanni bai taɓa dariya ba.

A ƙarshe manyan gwamnati suka ga abin ya ƙi, suka aiko a zauna da shugabannin mutanen. Suka ce akwai wata ƙasa can gaba, mai ruwa da ciyawa da ƙasar noma, ta fi tasu ta da kyau nesa ba kusa ba, in suna so a kai su.

A nan muryar Kaka takan sauka, ta matso da kanta kusa da mu.

"To ku ji. Mutum ya shekara huɗu da yunwa, an ce ga ruwa ga ciyawa. Ku da me za ku ce?"

Sanusi kullum cewa yake, "In tafi."

"Su ba su ce ba. Ba su ce a ba mu shawara ta kwana ba, ba su dubi juna ba. Suka ce tsakanin duwatsunmu muke so, ko da abin da za mu ci bai wuce saiwa ba. Matan suka taru a bakin wurin, uwar yarinyar nan tana ciki da goyo, su ma maganarsu ɗaya. Ku riƙe wannan, 'yan nan. Mutum yana iya shekara da shekaru ba a tambaye shi abin da yake so ba. Ran da aka tambaye shi, kada a iske bai san amsa ba."

Aka rubuta yarjejeniya, aka sake su, suka juyo yamma. Wurin da na fi so ke nan. Bayan doguwar tafiya, wata safiya, sai kan ɗaya daga cikin duwatsun ya bayyana can nesa, shuɗi-shuɗi. Tsofaffi suka zube suna kuka. Akwai wani dattijo a ayarin, mai tsananin fuska, yara duk tsoronsa suke ji. Ya durƙusa ya kifa fuskarsa a ƙasa ya daɗe. Da ya ɗago, hancinsa da girarsa duk sun yi ja da ƙasa, ga hawaye sun yi hanya biyu a kumatu. Jaririn yana bayan yayarsa, ya leƙo ya gan shi, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

A al'adarsu, duk wanda ya fara sa jariri dariya shi zai yi masa walima, a yanka tunkiya, a sa gishiri a hannun yaron a riƙa miƙa wa mutane, don ya tashi da buɗaɗɗen hannu. Dattijon nan ba shi da tunkiya, ba shi da ko takalmi. Ya tsaya ya lalube jikinsa, ya kwance wani ƙulli da ya daɗe yana ɓoyo, ɗan gishiri ne bai cika tafin jariri ba. Ya damƙa wa yaron, ya riƙe masa hannu, mutane suka yi layi a bakin hanya kowa ya dangwala ya kai baki.

"Wannan ba ta da kan ɓera," Kaka takan ce in ta kai nan, "don ba ƙarya a cikinta."

Wata shekara Sanusi ya tambaye ta, "Ita Madam Rut ta koma wajen duwatsun?"

Kaka ta dubi agogon bango ta ce isha'i ta yi, mu tashi mu yi alwala.

Duk da abin da take faɗa, ni a raina tatsuniya ce. Sai da na shiga lise, wato babbar sakandare, wata rana a ɗakin karatu, na ci karo da tafiyar a cikin littafin tarihi, da hotunan mata zaune a ƙasa cikin barguna, soja tsaye a kansu da bindiga. Na yi ta karatu har aka tashi rufe wurin. Na gano mutanen suna nan, a tsakanin duwatsun nasu, sun yi yawa, suna da majalisarsu da shugaban da suke zaɓa da kotunansu, ana magana da harshensu a rediyo. Na gano kuma komawar ba ita ce ƙarshen wahala ba. An kwashi 'ya'yansu an kai makarantun kwana inda ake hukunta yaro don ya yi yaren uwarsa, kuma har yau akwai gidajen da sai an yi tafiya a mota kafin a ɗebo ruwan sha. Na dawo gida da gudu ina gaya wa Kaka cewa ashe da gaske ne. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sai da Anasara ya rubuta sannan kika yarda?"

Shekaru suka wuce. Na tafi Lyon karatun ungozoma, Sanusi ya kama aikin tuƙin bas. Ina can Kaka ta yi ɗan shanyewar jiki. Ta farfaɗo, amma Faransancin nan nata ya zube gaba ɗaya, kamar ba ta taɓa jinsa ba, Hausa kawai ta rage. Bayan haka ƙodarta ta fara gazawa, aka kwantar da ita a wani asibiti a arewacin Paris. Mama ta kira ni ta ce in hau jirgin ƙasa in zo.

Na same ta da rana ita kaɗai, ta rame, idonta yana kan taga. Muka gaisa, ta tambayi karatu, ta tambayi Lyon, ko har yanzu mahaucin nan na bakin gada yana nan. Can sai ta ce,

"Rakiya, ƙanenki ya taɓa tambayata Madam Rut."

Na ce na tuna.

"Ba ta koma ba. Da jikinta ya yi nauyi kullum maganarta gida. Ta sa na haɗa mata kaya, har masaƙar na kwance na ɗaure. Ɗanta mutumin kirki ne, yana sonta. Ya zauna da likitoci suka yi shawara, suka ce tafiyar ta yi mata nisa, suka samo mata gidan tsofaffi mai kyau, da lambu. Ina tsaye a ɗakin aka yi maganar. Amsarta tana bakinta, na gan ta. Ba wanda ya waiga ya tambaye ta. Ni kuwa 'yar aiki ce."

Na riƙe hannunta har barci ya ɗauke ta.

Kashegari likitar ta zo, mace ce mai sanyin magana. Baba yana nan da rigar aikinsa, bai ko biya gida ba. Ta yi bayani cewa in aka fara wankin ƙoda, ana zuwa asibiti a kai a kai, Kaka tana iya samun wasu shekaru. In ba a yi ba, abin ba zai ja ba. Tun kafin ta rufe baki Baba ya ce a fara, ya yarda. Likitar ta gyaɗa kai, sannan ta ce tana son ta ji daga bakin mai jikin. Ta dube ni ta ce ko zan fassara.

Na gaya wa Kaka duk abin da aka ce, ban rage ba. Baba ya matso kusa da ni ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa,

"Ki ce mata mun yarda. Uwa ɗaya gare ni, Rakiya."

Kaka ta ji shi. Ba ta dube shi ba, sai ta dubi likitar.

"Ki ce na gode, Allah ya saka mata. Ki ce na ji akwai shekaru a wajenta, ba na so. Damagaram nake so. Ina son in ji ruwan damina bisa ƙasa, in kwanta kusa da uwata. Ki faɗa yadda na faɗa."

Na san yadda ake sassauta magana. Da na ce tana kewar gida amma za ta yi tunani, da an fara wankin a satin, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya. Ni kaina ba na son ta tafi. Baba yana kallona, idonsa ya kaɗa. Na juya wajen likitar na faɗa da Faransanci, kalma bayan kalma, har ruwan damina, har uwarta.

Baba ya fita daga ɗakin. Ya yi makonni ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Amma shi ya sayi tikiti, shi ya nemi hutu a wurin aiki, shi ya tura kekenta a filin jirgi. Ta isa gida ana gab da shuka. 'Yan'uwa suka ce kullum da la'asar sai an fito da ita tsakar gida, mata suna shigowa gaisuwa, tana tambayar kowa 'yar wace ce. Ta ga damina ta kankama, gero ya yi kai. Kafin a yi girbi ta rasu.

Yanzu ina aiki a Lyon, ina da 'ya'ya biyu. Wani lokaci in na tashi aiki nakan hau tudun nan in bi ta layin da Kaka ta kwatanta mini, ina duban tagogi, ban san wacce ce ba. Ina yarinya na ɗauka labarin na mugayen sojoji ne da mutanen da suka sha wuya. Da na girma kaɗan na ɗauka na son gida ne, kuma wannan ya dame ni, don ni a Seine-Saint-Denis, can gefen Paris, aka haife ni, cibiyata tana cikin abin da asibiti ya ƙone, gidan da na tashi a ciki ma an rushe shi. Ba ni da duwatsu huɗu. In yau aka tsayar da ni aka ce ina kike so, ban tabbata amsata tana bakina ba, kuma ina aikin nemanta. Abin da na fi ganewa yanzu shi ne ɗaya gefen. Kusan kowane mako a wurin aiki ina tsayawa kan gadon mace da ba ta jin Faransanci, mijinta ko surukarta suna amsawa a madadinta, da kyakkyawar niyya, da ƙauna. Na koyi in bar su su gama, sannan in ja kujera in zauna daidai fuskarta in jira.

Ni da Baba ba mu taɓa tayar da maganar asibitin ba sai bara. Ya zo Lyon ganin jikoki, na raka shi tashar jirgin ƙasa. Ya tsufa, yana tafiya yana dafa ni. Muna tsaye muna jiran a nuna layin jirginsa, idonsa a kan allon, sai ya ce,

"Ran nan a likita. Da kin juya maganar, da na ji daɗi."

Na juyo na dube shi.

"Amma da yanzu ban san inda zan sa kaina ba." Ya gyara riƙon jakarsa. "In tawa ta zo, ke za ki fassara."

Na ce, "Baba, ai kana jin Faransanci."

Ya ce, "Kakarki ma ai da tana ji."